Anti, da turare da mayafi ake biya na, yaushe zan ga kuɗi?

Assalamu alaikum Anti, ya gida ya aiki? Ni budurwa ce 'yar shekara 23, ina gaban iyayena a Kano. Na gama NCE bara, aiki shiru. Wata biyar ke nan da na fara ɗaukar gajerun bidiyo na tallan kaya da wayata, kuma duk wanda ya gani sai ya ce na iya. Na yi wa mutum uku. Wata Hajiya mai turaren wuta da humra ta sallame ni da kwalba biyu. Mai mayafai ya ba ni mayafi ɗaya. Na ukun mai shagon kayan kicin ne, ya ce in yi, idan ya yi kyau “za mu daidaita”. Na yi masa guda uku, yanzu ina ganin su suna yawo a Facebook a matsayin tallan da ya biya kuɗi aka yaɗa, ni ko sisi, in na kira sai ya ce yana hanya. Mabiyana ba su wuce 400 ba, ƙawata ta ce sai na kai dubu goma kafin wani ya biya ni. Babana kuma ya ce bai yarda ya ga fuskata a TikTok ba. Akwai wani a Instagram da ya ce in biya ₦35,000 na horo, zai haɗa ni da kamfanonin Amurka masu biya da dala. Sai wata mai man hasken fata da ta yi mini tayin ₦20,000, amma sai na ce na shafa shi mako biyu na ga canji, alhali ban taɓa shafawa ba. Wannan ne kuɗin farko da aka taɓa ambata mini. Anti, ki ba ni shawara, na fara karaya.

Ƙanwarki daga Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sau biyu na karanta saƙonki, kuma duka biyun a kan mai kayan kicin na tsaya. Ke kin ɗauke shi a matsayin wanda ya cuce ki, kuma ya cuce ki ɗin, amma ki duba abin da ya yi. Ya zaro kuɗinsa ya ba Facebook don a yaɗa bidiyonki. Ɗan kasuwar Kano ba ya zuba kuɗi a inda ba ya jin ƙamshin ciniki. Da aikinki bai kai ba, da yana can kwance a wayarsa tare da hotunan biki. Saboda haka batun ko kin iya ko ba ki iya ba, ki ajiye shi, mutumin nan ya riga ya ba da shaida da aljihunsa. Abin da ya rage miki shi ne jinga.

Ɗan ƙwadago ba ya sunkuyawa da fartanya sai an zagaya gonar an yanke kuɗi. Mai ɗinki ba ta sa almakashi a atamfa sai ta faɗi nawa ne ɗinkin. Ke kuwa sau uku kina gama noma kafin ki tambayi lada. “Za mu daidaita” magana ce mai daɗin ji da ba ta da kai ba ta da gindi, kuma duk wanda ya faɗe ta ya san haka. Na san abin da ya hana ki: kunya, da tsoron kar a ce yarinya ƙarama ta cika son kuɗi, da tsoron kar ki faɗi farashi a ce a bar shi. Yawancinmu mata haka muka fara kowace sana'a. Amma idan kika bari sai kaya sun isa hannun mai saye sannan a yi ciniki, to shi zai sa farashi, kuma kin ga farashin da ya sa.

Ƙawarki kuma ta haɗa sana'o'i biyu wuri ɗaya ne. Akwai mai taro, wadda dubban mutane ke bin shafinta; ita idan aka biya ta, taron aka saya. Akwai kuma mai haɗa bidiyo ta miƙa wa mai kaya ya ɗora a nasa shafin, ko ya sa a tallan da zai biya. A Turance ana taƙaita sunan wannan aikin da UGC. Mai kaya bai damu da mabiyanki ba, domin ba a shafinki bidiyon zai zauna ba. Babu wanda ke tambayar tela mutum nawa suka san shi kafin ya ba shi ɗinki, kafaɗar rigar ake dubawa. Idan ma kuɗin manhajojin kansu kike hange, hanyar da nisa: YouTube ba ya fara raba kuɗin talla da mutum sai ya tara mabiya 1,000 tare da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda, ko kuma kallon gajerun bidiyo miliyan 10 cikin kwana 90. Hajiya mai humra kuwa tana iya biyanki ranar Alhamis ɗin nan.

Ni yadda nake kallon sana'ar taki, dillanci ne. A da dillaliya ce ke ɗaukar zannuwa da kwanuka a ka, ta shiga gida-gida inda mai shago ba shi da ikon shiga, ta zauna a tabarma ta warware kaya, ta ce Hajiya taɓa ki ji, wannan ba ya zuba. Matan gida suna saye ne saboda sun ga kayan a hannun mace irinsu, ta kuma yi musu magana da bakin da suka saba. Yau waya ce ke shiga ɗakunan, amma har yanzu hannun da bakin ake buƙata. Kuma ban taɓa jin dillaliyar da ta yarda a biya ta la'adarta da “Allah ya yi albarka” ba.

Wannan ya kawo ni kan Baba. Kada ki yi masa ɓoye-ɓoye, ko da wasa. Kano ƙarama ce a waya, ranar da wani zai miƙa masa bidiyo a majalisa ya ce “ba muryar 'yar wajenka ba ce?” ranar sana'ar ta mutu, kuma yardar da ke tsakaninku ta tsage. Ki fahimce shi ma. Abin da ya sani game da TikTok shi ne abin da yake ji a rediyo: rawa, zage-zage, Hisbah ta gayyaci wance, an kai wane kotu. Ba laifinsa ba ne idan ya ji sunan gabansa ya faɗi. Amma ki lura da abin da ya hana: fuska. Tallan kaya kuwa mafi yawansa ba ya neman fuska. Turaren wuta hannu yake so da kasko da hayaƙi yana tashi. Atamfa hannu take so yana warware ta a haske. Tukunya, abin niƙa, kula, zanin gado, takalman yara, yaji, kilishi, duk hannu ne da murya. Sau da yawa ma fuska janye hankalin mai kallo take yi daga kan kaya, sai ki ga sharhi ya cika da “masha Allah kyakkyawa” babu mai tambayar farashi. Ki fara da Umma. Ki nuna mata bidiyo biyu, ki gaya mata nawa kike sa ran samu, ita ta san lokacin da ake tunkarar mijinta da magana. Idan kun zauna, ki miƙa masa wayar ya kalla da idonsa, ki ce masa Baba ga iyakar abin, hannu ne da murya, kuma duk shagon da zan je da ƙanena zan tafi. Idan ya ce muryar ma bai yarda ba, akwai rubutu a kan bidiyo, akwai muryar mai kayan da kanta. Ki bi sharaɗinsa sau da ƙafa. Uban da ya ga an riƙe masa sharaɗi na wata shida yakan sassauta da kansa.

Yanzu ga aikin. Kafin ki sake tunkarar kowa, ki haɗa samfuri guda biyar masu kyau. Kina da na turare da na mayafi, ki ƙara da kayan da ke cikin gidanku: filas ɗin shayi, sabulun wanki, man gyaɗa, duk abin da ke da amfanin da za a iya nunawa. Kowanne kada ya wuce sakan 20 zuwa 30, waya a tsaye, ba a kwance ba. Sakan biyu ko uku na farko su ne kasuwar gaba ɗaya, domin babban yatsan mai kallo ba ya da haƙuri. Kada ki ɓata su da “assalamu alaikum 'yan uwa barkanmu da warhaka, yau na zo muku da”. Kafin ki kai “da” an wuce. Ki fara da damuwar da kayan ke magancewa: an zuba shayi da asuba, ga shi da la'asar yana tururi, ɗaki ya kwana a rufe da damina, ga abin da ake turara masa. Sai ki nuna kayan kusa-kusa, ki faɗi abu ɗaya ko biyu na gaskiya a kansa, ki rufe da inda ake samu. Bidiyo ɗaya, magana ɗaya. Mai kaya zai so ki lissafo duk abin da ke shagonsa, ki lallashe shi, ki ce Alhaji wannan bidiyo na biyu ne.

Kada ki ci bashi don kayan aiki. Hasken taga da hantsi ya fi fitilar da za ki saya da kuɗin da ba ki da shi. Ki goge gilashin kyamara kafin kowane ɗauka, musamman da hunturu, rabin bidiyoyin da nake gani sun yi hazo ƙura ce kawai da maiƙon yatsa. Farin zani ko tabarma mai tsabta sun isa shimfiɗa. Abin da ya fi kashe bidiyon mutanenmu sauti ne: janareton maƙwabta, hon ɗin adaidaita sahu, akuya, yara. Ki ɗauki hoton daban, muryar kuma ki naɗe ta daban da dare ko bayan asuba, a ɗakin da ke da labule da kaya da yawa don kada ta yi amsa-kuwwa, sai ki haɗa a manhajar tace bidiyo ta CapCut. Idan kuɗi suka fara shigowa, ƙaramin makirufo na maƙalawa a wuya shi ne farkon abin saye, sai abin kafa waya. A Farm Centre ko titin Beirut za ki samu. Waƙa kuma ki yi hankali da ita. Waƙoƙin da ke tashe suna da masu su, kuma TikTok ya ware wa shafukan kasuwanci rumbun sauti na daban da aka yarda a yi talla da shi. Idan kika ɗora waƙar wani a tallan kuɗi, ana iya kashe sautin, mai kaya ya dawo kanki. Muryarki ta wadatar, da yawa daga masu sayen ma sun fi son haka.

Wa za ki tunkara? Ba kamfani ba tukuna. Ki buɗe Instagram da Facebook ki nemo 'yan kasuwa ashirin na cikin gari waɗanda suke ɗora kaya kullum amma hotunansu ba su da kyau: an shimfiɗa leshi mai tsada a kan siminti, an ɗauki abinci cikin duhu. Masu atamfa da shadda a Kantin Kwari, masu kayan ɗaki da na kicin a Sabon Gari, matan da ke yin cincin da dubulan da kek na biki a gida, masu gidajen abinci a titin gidan Zoo, masu makarantun kuɗi lokacin ɗaukar ɗalibai. Wanda ya riga yana biyan kuɗin yaɗa talla shi ne na gaba a layi, don ya san talla kuɗi take ci, ba sai kin yi masa wa'azi ba. Saƙonki ya zama gajere, kamar haka: “Assalamu alaikum Hajiya, ina yi wa 'yan kasuwa gajeren bidiyon talla da Hausa. Na ga sababbin zannuwan gadon da kika ɗora jiya, ina da yadda zan nuna su da zai sa a tambayi farashi. Ga samfurin aikina guda biyu. Bidiyo ɗaya kaza ne, uku kaza.” Ki ambaci kayanta da sunansu don ta san ba saƙon da ake watsa wa kowa ba ne. Mafi yawansu ba za su amsa ba. Wannan ba wulaƙanci ba ne, haka kasuwa take, 'yar talla ma ba kowane gida ake ce mata shigo ba. Bayan kwana huɗu ki sake taɓa su sau ɗaya, daga nan ki wuce. Ki kuma san lokacin da aljihun 'yan kasuwa ke buɗewa: makonnin da ke gaban azumi, tsakiyar azumi lokacin ɗinkin Sallah, gabanin babbar Sallah, da lokacin bukukuwa na ƙarshen shekara. Wanda ya ce miki babu kuɗi a watan Safar zai iya nemanki da kansa a Sha'aban.

Farashi shi ne inda kowa ke rawar ƙafa. Ga yadda za ki fitar da naki. Ki lissafa abin da bidiyo ɗaya ke ci daga aljihunki: kuɗin mota zuwa da dawowa ke da ƙanenki, data, caji, gawayi ko kayan miya idan aikin ya buƙata. Sannan ki ƙirga awannin da ya ci, tun daga tunanin abin da za ki faɗa har tacewa; za ki sha mamaki, bidiyon sakan 30 yakan cinye rabin wuni. Ki tambayi mai ɗinki ko mai lalle ta unguwarku nawa take samu a aikin rabin wuni. Ki haɗa biyun, kada farashinki ya sauka ƙasa da nan. Ki ɗora kaɗan a kai saboda Bakano sai ya taya, idan bai rage komai ba ji yake an cuce shi. Ki riƙa tura mutane zuwa ga guda uku a farashi mai ɗan sauƙi, domin fita ɗaya ce, shimfiɗa ɗaya, haske ɗaya. Bayan kowane aiki biyar da aka biya ba tare da dogon ciniki ba, ki ƙara kuɗi. Idan kowa yana cewa “to” nan take, kin yi araha.

Akwai abin da sababbi ba sa sani, kuma shi ne ainihin abin da mai kayan kicin ya ci a kanki. Ɗora bidiyo a shafi daban, sa shi a tallan kuɗi daban. Wanda zai ɗora a shafinsa mutanensa su gani, farashinsa ɗaya. Wanda zai biya a kai muryarki gaban dubban mutane a Kaduna da Sakkwato da Maraɗi, wata da watanni, ya ƙara kuɗi, kuma a yanke wa'adi: wata ɗaya, ko wata uku, in ya ƙare a sabunta. A ƙasashen da sana'ar ta kafu haka ake yi, kuma babu abin da ya hana a yi a nan sai rashin tambaya. Gyara sau ɗaya kyauta ne, na biyu da kuɗi, in ba haka ba za ki wayi gari kina canza launin rubutu sau bakwai saboda uwargidan Alhaji ba ta son ja.

Duk wannan ki rubuta shi a WhatsApp kafin ki taɓa kyamara: bidiyo nawa, tsawon kowanne, nawa ne, yaushe za ki miƙa, ina za a yi amfani da shi, har zuwa yaushe. Ki ce ya amsa da “na amince”. Idan wani ya ce ai mu 'yan uwa ne ba sai an rubuta ba, ki tuna masa cikin ladabi cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Sai kafin alƙalami: rabi kafin aiki, rabi kafin miƙawa. Abin da za ki tura masa ya duba, ki rubuta sunanki ɓaro-ɓaro a tsakiyarsa yadda ba zai ɗoru ba. Idan ciko ya shigo sai ki tura mai tsabta, kuma ki tura shi a matsayin fayil, don WhatsApp yana rage ingancin bidiyon da aka tura kai tsaye. Hoton rasit ba kuɗi ba ne. Ki buɗe manhajar bankinki, ko OPay ne ko Moniepoint ko wanne, ki ga kuɗin sun zauna da idonki. Asusun kuma ya zama da sunanki, ba na yayanki ko saurayinki ba. Na ga zumuncin da irin wannan ya ɓata.

Kaya a madadin kuɗi fa? Ban ce haramun ba ne. Idan abin da da ma za ki saya ne, kuma an ƙimanta shi da farashinsa na gaskiya ya kai kuɗin aikinki, ki karɓa. Amma kwalbar da aka ba ki don ki ɗauki bidiyo da ita kayan aiki ce, ba lada ba ce. Kuma humra ba ta sayen data. Hajiyar nan da mai mayafai kada ki yi fushi da su, ba su yi miki alƙawarin da suka saɓa ba. Su ne ma kwastomominki na farko mafi sauƙi. Ki koma ki ce Hajiya wancan na gwaji ne, yanzu na fara karɓar aiki, ga farashina, ke kuma zan yi miki ragi tunda da ke na fara. Ki roƙe ta ta yi miki saƙon murya na yabo idan bidiyon ya kawo mata ciniki, ki ajiye shi cikin samfuranki.

Mai man hasken fata kuwa, ki ba ta haƙuri. Na san ₦20,000 ga wadda ba ta taɓa karɓar ko sisi ba kuɗi ne, kuma na san yadda zuciya ke ƙawata abu idan aljihu ya bushe. Amma ki duba me take saye. Ba bidiyo take saye ba, shaidar zur take saye: ki ce kin shafa alhali ba ki shafa ba. Kin san hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin hatsi a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, yawancin mayukan da ake haɗawa a gida don “haske cikin mako biyu” abin da ke sa su aiki da sauri sinadarai ne masu ƙarfi, irin magungunan da likita kaɗai ya kamata ya rubuta, wasu har da sinadarin makyuri da ke lalata ƙoda. Ƙarshensu fata ta yi siriri, ta yi nankarwa, gwiwoyin yatsu su yi baƙi, ciwo ya ƙi warkewa. Yarinyar da za ta saya saboda ta ji muryarki mai natsuwa, idan fuskarta ta ƙone, mai man za ta canza suna ta buɗe sabon shafi, ke kuwa muryarki ɗaya ce. Ki kafa wa kanki doka tun yau: duk abin ci, abin sha, abin shafawa ko magani da aka ƙulla a mazubi ana sayarwa, ki nemi lambar NAFDAC a jikinsa. Maganin ƙiba, maganin rama, kayan mata da ba a san me aka zuba ba, masu cewa suna warkar da ciwon suga ko hawan jini, manhajojin caca, da masu “zuba dubu goma ka kwashi ashirin”, duk ki rufe musu ƙofa. Mutanen da suka jawo 'yan uwansu cikin harkar ninka kuɗi ta MMM kafin ta kulle asusun mutane a Disambar 2016, da waɗanda suka yi wa irinta mai suna CBEX shela kafin ta ruguje a 2025, da yawansu har yau akwai gidajen da ba sa iya shiga. Abin takaicin shi ne irin waɗannan ne suka fi saurin biya da yawan kuɗi, don sun san me suke saye. Kayan da kika karɓa kuma ki gwada su da gaske kafin ki yabe su. Idan filas ɗin bai riƙe zafi ba, ki mayar da shi tare da kuɗin.

Mai horon dala ba zan ɓata miki lokaci a kansa ba. Koyo da kuɗi ba laifi ba ne, amma wanda ya ce biya ni in ba ki aiki, ke ce kasuwarsa. Abin da zai koya miki yana nan kyauta a YouTube. Kamfanonin waje da gaske suna sayen irin wannan bidiyo, sai dai yawanci suna son wanda ke zaune a ƙasar da suke sayar da kayan, mai irin harshen masu sayensu, wanda za a aika wa kaya su isa cikin kwana biyu. Shafukan neman aiki a intanet irin su Fiverr kyauta ake buɗe su, su kuma suna cire kashi 20 cikin 100 na abin da aka biya ki. Wannan zancen gaba ne. Kuma duk “kamfanin” da ya nemi BVN ɗinki, ko lambar sirrin da banki ya turo miki, ko kuɗin fito da kaya daga kwastan, ki toshe shi ba sallama. Haka duk namijin da zancen aiki ya koma “turo hotonki mu gani” ko “mu haɗu a otal mu tattauna”.

Inda nake hango miki kuɗi masu kauri ba Amurka ba ce, Legas ce. Kamfanonin sadarwa, na taliya, na sinadarin ɗanɗano, na sabulu, bankunan waya, duk suna son kasuwar Arewa, kuma kin sha jin tallansu a rediyo da wata Hausa mai ƙamshin fassara, wadda ba wanda ke yin irinta a gida. Mai iya magana yadda mata ke yi a tsakar gida, ta kuma iya ɗauka da tacewa, ba ta da yawa. Irin waɗannan ayyuka ta hannun kamfanonin talla suke biyowa, kuma za su nemi ganin ayyukan da kika yi a baya, wani lokaci da rajistar sunan kasuwanci ta CAC. A wannan matakin ne za ki ji sunan ARCON, hukumar da dokar 2022 ta ɗora wa kula da tallace-tallace a Najeriya har da na intanet. Ki tabbata an rubuta cewa neman amincewarta yana wuyan kamfanin. Idan kuma a shafinki za ki ɗora tallan da aka biya ki, ki bayyana cewa talla ce, TikTok da Instagram duk suna da maɓallin yin hakan. Amma duk wannan sai kin tara ayyuka goma sha na 'yan kasuwar gida a hannu.

Saura mai kayan kicin. Ki daina kira, kira ba ya barin shaida. Ki ɗauki hoton tallan yana yawo, da kwanan wata, ki haɗa da saƙonninku na baya, sai ki rubuta masa: “Alhaji barka da kasuwa. Na ga bidiyoyi ukun da na yi maka suna cikin tallan da kake yaɗawa, na ji daɗi da suka yi amfani. Kuɗin aikin kaza ne, ga lambar asusuna. Idan ba a shirya biya ba, ina roƙon a sauke su zuwa ranar Juma'a.” Ba zagi, ba barazana, ba tona shi a shafi. Idan Juma'a ta wuce shiru, ki je shagon da yayanki ko kawunki, a yi maganar a gaban maƙwabtansa na layi, domin ɗan kasuwa ya fi tsoron a ji a layinsu cewa ya cinye haƙƙin yarinya fiye da tsoron kotu. In ta ƙi, kowace kasuwa tana da shugabannin 'yan kasuwa da ke sasanta irin wannan, kuma Facebook yana da hanyar kai ƙorafin haƙƙin mallaka, tunda ainihin bidiyon yana wayarki. Ina kyautata zaton ba za a kai can ba. Zai ce kuɗin sun yi yawa, ya taya rabi. Tunda ba ku yi jinga ba tun farko, idan tayin ya rufe kuɗin motarki da wahalarki ki karɓa, ki yi godiya, ki sanar da shi farashin na gaba da sharaɗin rabi kafin aiki. Zai buƙaci sabon bidiyo kafin azumi.